Ciwon Gaɓar Muƙamuƙi da Matsayin Wayar Gyaran Haƙora

Gaɓar muƙamuƙi ita ce mahaɗar da ke gaban kowane kunne, inda ƙashin muƙamuƙin ƙasa ya haɗu da ƙoƙon kai, kuma ba a magana ko tauna ko hamma sai da ita. Ta sha bamban da sauran gaɓoɓi, domin ta dama da ta hagu tare suke motsi, sannan kan ƙashin yakan juya ya kuma zame gaba a kan wani ɗan faifan guringuntsi wanda ke hana ƙashi gugar ƙashi. Baligi mai lafiya yakan buɗe baki kimanin milimita 40, wato faɗin yatsu uku a jere, kuma wannan ma'auni yana cikin abin da likitan haƙori ke fara dubawa.

Mafi yawan masu kuka da wannan gaɓa, waɗanda mata 'yan shekara 20 zuwa 40 suka fi yawa a cikinsu, ba ƙashinsu ne ya lalace ba, tsokokin tauna ne suka gaji, sau da yawa saboda datse haƙora lokacin damuwa ko gurza su cikin barci. A tsofaffin unguwannin Sakkwato irin su Ƙofar Taramniya, inda goro ba ya yankewa a majalisa, ga kilishi ga rake, tsokar da ta riga ta gaji ba ta samun hutun da za ta warke. Da yake raɗaɗin yana bazuwa zuwa kunne da gefen kai, wasu sukan daɗe suna ɗiga maganin kunne, wasu ma har a cire musu turmin haƙorin da ba shi da laifi.

Tunanin cewa karkacewar haƙora ce tushen ciwon ya samo ƙarfi ne daga James Costen, likitan kunne a Amurka, wanda a 1934 ya danganta ciwon kunne da na muƙamuƙi da rashin haɗuwar haƙoran sama da na ƙasa yadda ya kamata, musamman ga waɗanda turamensu suka zube. A kan wannan ne aka shafe shekaru ana goge saman haƙora, ana kuma ɗaura waya, wato ƙananan ƙarafa da ake mannawa a haƙora a ja su sannu a hankali na tsawon shekara ɗaya zuwa biyu ko fiye, da fatan gaɓar za ta sami sauƙi. A 1987 sai lamarin ya juya, lokacin da wata kotu a jihar Michigan ta umarci wani likitan gyaran haƙora ya biya diyya bisa zargin cewa aikinsa ne ya jawo wa wata yarinya ciwon gaɓar, abin da ya tilasta wa masana zurfafa bincike. Sakamakon bai yi wa kowane ɓangare daɗi ba, domin ba a sami hujjar cewa waya tana haddasa ciwon ba, ba a kuma sami hujjar cewa tana warkar da shi ba. Taron Cibiyoyin Lafiya na Amurka na 1996 ya ba da shawarar a fara da maganin da za a iya janyewa idan bai yi amfani ba, kuma haƙorin da aka goge ba ya sake tsirowa.

Don haka magani na farko ba mai tsada ba ne: a koma abinci mai laushi kamar kunu da tuwo na 'yan makonni, a ajiye goro da cingam, a riƙa gasa wurin da tsumma mai ɗumi, a sha maganin raɗaɗi bisa umarnin likita, a kuma koyi motsa muƙamuƙi a hankali. Idan akwai gurzar haƙora, akan ƙera wata roba daidai da bakin mutum ya riƙa sawa da dare. Ƙarar da gaɓar ke yi ba tare da ciwo ba kuwa ba ta buƙatar komai.

A Sakkwato, matsalar da ta fi tsanani ita ce maƙalewar muƙamuƙi tun yarinta, inda ƙashi ko tabo ke ɗaure shi har yaro ya kasa buɗe baki. Faɗuwa a kan haɓa, wadda iyaye kan ɗauka rauni ne na fata kawai, tana iya karya kan ƙashin a ɓoye, haka ma ciwon kunne mai ruwa da aka bari, sannan ga cutar noma, mai cinye kumatu da dasashin yara masu fama da tamowa. Asibitin Yara na Noma da ke birnin, wanda aka buɗe a 1999 kuma ƙungiyar likitocin MSF ke tallafa wa tun 2014, yana yi wa irin waɗannan yara tiyatar sakin muƙamuƙi, haka ma sashen tiyatar baki da fuska na Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo, kuma a Disamba 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa noma cikin jerin cututtukan da aka yi sakaci da su, bisa buƙatar da Nijeriya ta jagoranta. Dole a bambanta wannan maƙalewa ta sannu a hankali da sarƙewar haƙora ta farat ɗaya bayan rauni, wadda kan iya zama alamar cutar tetanus, mai buƙatar asibiti nan take.

Ga waɗannan yara ne waya ke da aiki na gaske, domin muƙamuƙin da ya daɗe a maƙale ba ya girma yadda ya kamata, haɓa takan koma baya, haƙora kuma su cunkushe. Sai dai aikinta yana zuwa ne daga ƙarshe, bayan tiyata da watannin atisayen buɗe baki, wanda ake yi da 'yan siraran katako da ake jerawa tsakanin haƙora ana ƙara yawansu. Atisayen yana da zafi, shi ya sa iyaye da yawa ke dainawa da zarar an koma gida, muƙamuƙin kuma ya sake maƙalewa kafin a kai ga batun jera haƙora.