Gudummawar Gidauniya Da Ƙungiyoyin Matanmu

 Yau zancen kuɗi za mu yi, amma ba na cefane ba. Zancen kuɗin nan ne da kikan ji a rediyo an ce wata gidauniya ta bai wa wata ƙungiyar addini domin ta taimaki marasa ƙarfi, ke kuwa kina zaune a Gwiwa ko Korayel ko Buntusu kina gyaran gyaɗa, kina cewa a ranki, to mu yaushe namu zai iso? Tambayar tana kan hanya, sai dai amsarta ba za ta yi wa kowa daɗi ba.

Da farko dai, mece ce gidauniya? Dukiya ce da wani mai hali ya keɓe, ba a taɓa uwar kuɗin, sai a riƙa juya ta, ribar da ta fito ita ake rabawa shekara-shekara. Kada ki ɗauka Turawa ne suka fara wannan, mu ma muna da shi, wakafi muke kiransa. Sayyidina Usmanu ya sayi rijiyar Ruma a Madina ya bar wa jama'a, Zubaida matar Sarki Haruna Rashid kuma ta kashe dukiyarta wajen jawo ruwa zuwa Makka saboda mahajjata. Na Turawa dai sun fi yawan takardu ne da ofisoshi. Gidauniyar Ford, wadda masu kamfanin motocin nan suka kafa a Amurka a 1936, ta buɗe ofis a Legas a 1960. Ta MacArthur kuwa, wadda ke birnin Shikago, kuɗin inshora ne asalinta, ta buɗe nata ofishin a Nijeriya a 1994.

To me ya kai su wajen masallaci da coci? Dalili shi ne, akwai ƙofar da ma'aikacin hukuma ba ya iya shiga, amma malamar Islamiyya tana shiga ba wanda zai ce mata kanzil. An ga haka a 2003, lokacin da Kano da waɗansu jihohi suka dakatar da allurar shan-inna saboda jita-jita, ciwon ya bazu har ƙasashen waje. Ba yawan kuɗi ne ya dawo da hankalin iyaye ba, sarakuna ne da malamai da matan da suka bi gida-gida suna magana da 'yan'uwansu mata a tsakar gida, har aka kai 2020 aka ba da shaidar cewa an kawar da ainihin ƙwayar ciwon daga Afirka. Haka kuma MacArthur ta ba da gudummawa ga Gidan Mambayya na Jami'ar Bayero a Kano, da ƙungiyar Al-Habibiyyah ta Abuja, da Lux Terra ta wani limamin Katolika, domin limamai da fastoci su riƙa wa'azi a kan cin hanci. Za ki ce ina ruwanki da wannan. Ruwanki kuwa, domin takin da aka karkatar, da maganin da ya ɓace a ɗakin shan magani, da abincin 'yan firamare da bai isa aji ba, duk daga bakin 'ya'yanki aka ƙwace su.

Bari in kai ki Amurka, inda wannan al'ada ta yi ƙarfi, ki ji wani labari da na so kowace shugabar ƙungiya ta riƙe. An haramta bauta a can a 1865, amma a jihohin kudu aka ci gaba da ware baƙaƙen fata, makarantarsu dabam, ta farare dabam, tasu kuwa sau da yawa bukka ce ko ɗakin coci mai yoyo. Sai wani attajiri Bayahude, Julius Rosenwald, shugaban kantin Sears, ya haɗu da wani malami baƙar fata, Booker T. Washington, wanda shi kansa cikin bauta aka haife shi. Suka fara gina makarantu a 1912, kafin a rufe shirin a 1932 an gina kusan 5,000.

Amma fa Rosenwald bai taɓa gina makaranta shi kaɗai ba. Sharaɗinsa shi ne, sai mutanen ƙauye sun kawo nasu kason, hukumar yankin kuma ta yarda za ta riƙe makarantar. A ina talakawa za su samo? A coci aka riƙa taruwa. Mata suka sayar da kaji da ƙwai da abinci, manoma suka keɓe wani yanki na gonar auduga suka ce na makaranta ne, wanda ba shi da ko kwabo ya zo da ƙarfinsa ya yi aikin gini. Da aka yi lissafi a ƙarshe, abin da baƙaƙen fata suka tara ya kai wajen dala miliyan 4.7, na gidauniyar kuwa wajen miliyan 4.3, mafi yawan sauran daga baitulmalin hukuma ya fito. Kin ji, sunan attajiri ne ya bi makarantun, amma masu kaji sun fi shi zubawa. Gaskiya kuma ita ce, makarantun ba su kawar da wariyar ba, sai a 1954 babbar kotun ƙasar ta haramta ta a makarantun gwamnati. Ko a 1955, da baƙaƙen birnin Montgomery suka ƙaurace wa motocin safa har kwana 381 saboda wulakanci, wata mai dafa abinci, Georgia Gilmore, ita ta tara mata suna soye-soye suna sayarwa, su kai kuɗin taron coci domin a zuba mai a motocin da ke kai mutane aiki.

Mu dawo gida, domin mu ma ba baƙi ba ne a wannan hanya. Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rasu a 1864, ta naɗa jajis suna jagorantar 'yan taru daga ƙauyuka zuwa wurinta neman karatu, su kan zo da abin sadaka, ita kuma ta raba wa mabukata. A Oktoba 1985 kuma aka kafa FOMWAN a Minna, watau tarayyar ƙungiyoyin mata Musulmi ta Nijeriya, Hajiya Aisha Lemu, wadda ta rasu a 2019, ita ce Amirarta ta farko. Ba daga sama ta faɗo ba, ƙananan ƙungiyoyi ne da suka riga suka daɗe suna karantar da matan aure suka haɗa kai. Sai da masu ba da taimako na waje suka ga makarantu da asibitoci da rassa a jihohi, sa'an nan suka zo suna neman aiki da su. Ruwa dai inda ya tarar da kwari nan yake kwanciya.

Yanzu ga wurin da nake so mu ɗan daɗe. Masu gidauniyar Amurka suna yawan maganar launin fata, wata za ta ce ai mu duk baƙaƙe ne, wannan bai shafe mu ba. Ya shafe mu, suna kawai muka sake masa, mu asali muke cewa. Ki tuna ranar da aka ce an zo rubuta sunayen mata a unguwarku. Su wa suka fara ji? Su wa aka aika wa yaro ya kira? Galibi masu dangi a kusa da masu rubutun ne. Bafulatanar da ke kawo miki nono kullum daga ruga, wa ya gaya mata? Bazawarar da ke riƙe da marayu huɗu, wadda ba ta da mayafin shiga taro, fa? Da matar da maigidanta ya tafi ci-rani tun bayan kaka ba aike? Da Maguzawa da Kiristocin Hausawa da muke cin kasuwa ɗaya da su? Har yau akwai gidajen da ake raɗa cewa kakanninsu bayi ne, a ƙi ba su aure, a ƙi ba su shugabanci ko da na ƙungiyar adashe. Mu ji tsoron Allah, 'yan'uwa. Idan ƙungiyarku ta Islamiyya ta samu gudummawa ta raba tsakanin matan manyan gidaje, ba ta rage komai ba, ta dai ƙara wa mai ƙiba kitse.

Addininmu ma bai bar mu a duhu ba. Kashi takwas na mutanen da ake bai wa zakka, a cikinsu akwai fansar bawa da wanda bashi ya danne da matafiyin da guzuri ya yanke masa, ba a kuwa ce a tambayi ko ɗan wane ne ba. Amfanin gonar da ruwan sama ya shayar, idan ya kai nisabi, ɗaya cikin goma ake fitarwa, na ban-ruwa ɗaya cikin ashirin, awaki ko tumaki 40 kuma a fitar da ɗaya. Masarautar Kazaure, wadda Gwiwa da Roni da 'Yankwashi ke cikinta, tana da kwamitin da ke tara zakka yana rabawa. Wannan ita ce taskar da ta fi kusa da ke, geron maigidanki ma yana iya zama a ciki. Zakka tana da ƙa'idodinta, malamai su ne masu bayani, amma sadaka da ruwan rijiya da ajin koyon ɗinki ba su da shamaki ga maƙwabciya ko wace ce.

To yaya ƙungiya ke kai wa ga samun taimako? Ki sani manyan gidauniyoyi ba kasafai suke miƙa kuɗi kai tsaye ga matan ƙauye ba. Babbar ƙungiya suke bai wa, ita kuma ta nemi ƙananan da za ta yi aiki da su. Abin da za ta fara tambaya shi ne littafi: su wane ne 'yan ƙungiya, yaushe kuke taro, nawa kuka tara, me kuka yi da shi. Mata ashirin da suka shekara biyu suna zuba naira ɗari biyu-biyu kowace Juma'a, suka sayi akuya suka bai wa wata kiwo, suka rubuta kome, sun fi ƙungiyar da aka kafa jiya da suna mai daɗi domin an ji ƙishin-ƙishin kuɗi na tafe. Bayan littafi sai rajista a ofishin ƙaramar hukuma, da asusun banki da sunan ƙungiya, wanda mutum biyu ko uku za su sa wa hannu. Kada ku yarda kuɗin jama'a ya kwana a asusun shugaba ko na mijinta, kome kirkinsu, domin zumunci da yawa a nan ya mutu. Ku kuma gaya wa mazajenku tun farko abin da kuke yi, aikin da maigida ya sani ya fi daɗewa.

Wanda duk ya zo ya ce ku biya kuɗin fom kafin gidauniya ta ba ku tallafi, ku sallame shi da girma da arziki. Mai bayarwa na gaskiya ba ya karɓar kuɗin mabukaci. Kada kuma ki dangwala yatsa a takardar da ba a karanta miki ba, ki tambaya me ake so ku yi, har tsawon wane lokaci, wa zai zo dubawa. Idan akwai abin da bai kwanta muku ba ta fuskar addini, ku kai wa malami ya duba, kuna da ikon cewa kun gode.

Kuɗin waje kuma yana ƙarewa. MacArthur ta kammala shirin nan nata na yaƙi da cin hanci a 2024. A 2025 gwamnatin Amurka ta rushe hukumarta ta USAID, wadda ba gidauniya ba ce amma ayyuka masu yawa na lafiya sun dogara da ita, waɗansu suka tsaya cik. Saboda haka idan Allah ya sa aka ba ku injin matsar gyaɗa ko na niƙa, tun ranar farko ku riƙa cire kuɗin gyara da na mai a gefe. Injuna nawa ne ke kwance a zaure ƙura ta rufe su saboda bel ɗin da ya tsinke ba mai saye?

Ke kuma 'yar makaranta da ke karanta wa innarki wannan shafi, aikin nan naki ne. Iyayenki mata sun iya lissafi a ka fiye da yadda kike zato, abin da suka rasa mai rubutawa ne. Ki nemi littafi mai kauri ɗaya, ki ja layi huɗu a kowane shafi: rana, suna, abin da ya shigo, abin da ya fita. Ƙarshen kowane taro ki karanta shi da ƙarfi kowa ta ji, shugaba da ma'aji su sa hannu. A shafin ƙarshe kuma ki rubuta sunayen matan unguwa da na ruga waɗanda ba su taɓa zuwa taro ba, ki ba shugaba, a san wadda za a aika ta gayyato su Juma'a mai zuwa.