Gida Cike da Jama'a, Ɗalibi Cikin Kaɗaici

A watan Maris na 2020, da cutar korona ta ɓulla, gwamnatin tarayyar Najeriya ta rufe makarantu tun daga firamare har jami'a. A watan ne kuma ƙungiyar malaman jami'o'i, ASUU, ta tsunduma yajin aikin da bai ƙare ba sai Disamba, kafin wani na wata takwas ya biyo baya a 2022. Jami'o'i masu zaman kansu da dama sun koma koyarwa ta Zoom da Google Meet, kuma da aka buɗe na gwamnati, wasu malamai sun riƙa haɗa karatun aji da na intanet.

Annobar ta wuce, amma tsarin ya zauna, domin dalilansa ba su tafi ba. Ɗakunan lacca sun yi wa ɗalibai kaɗan. Kuɗin mota ya yi tashin gwauron zabo tun da aka cire tallafin man fetur a Mayun 2023. Iyaye da yawa kuma hankalinsu ba ya kwanciya idan ɗansu zai bi hanyar da ake fargabar masu garkuwa da mutane. Karatu daga nesa dama ba baƙon abu ba ne: Buɗaɗɗiyar Jami'ar Najeriya, NOUN, wadda aka kafa a 1983 aka farfaɗo da ita a zamanin Obasanjo, a kansa aka gina ta, kuma Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya tana da cibiyarta ta irin wannan karatu.

Amfaninsa a fili yake. Matar aure mai goyo, ma'aikacin ƙaramar hukuma, da ɗan kasuwar da ba zai iya rufe shago shekara huɗu ba, duk sun samu ƙofar digiri.

Sai dai an tsara shi ne da zaton cewa kowane ɗalibi yana da ɗaki, tebur, wuta da shiru. A yawancin gidajenmu ba haka abin yake ba. Saurayi yana kwana a ɗakin samari da ƙannensa uku ko huɗu. Ƙarfe goma na safe malami zai hau Zoom, amma tun jiya babu wuta, wayar kuma tana wurin mai caji a bakin titi. Ya karɓo ta, ya shimfiɗa tabarma a zaure, ya jingina ta da buta. Mai tallan ƙosai ta yi sallama, almajiri ya yi bara, injin markaɗen maƙwabta ya tashi. Ya rufe kyamara don kada data ta ƙare, musamman tun da hukumar sadarwa ta NCC ta amince da ƙarin kashi 50 cikin ɗari a kuɗin kira da data a farkon 2025. Abin da ya kuɓuce masa, sai tsakar dare ya sauke, lokacin da data ke da araha, ya wayi gari da barci a ido.

Halin ɗaliba ya fi nauyi. Muddin tana cikin gida, ido yana kanta: ga wanke-wanke, ga raino, ga tukunya a wuta. Idan ta ce, "Umma, lacca nake yi," amsar takan kasance, "To ai ga ki nan a zaune, ɗauko min tsintsiya." Ba ƙin karatun uwar take yi ba. A wurinta makaranta wuri ce da ake shiri a tafi, kuma riƙe waya bai yi kama da karatu ba.

Daga nan kaɗaicin ke farawa. Gidan cike yake, amma babu wanda ɗalibin zai tambaya abin da ya shige masa duhu, babu wanda ya san fargabar jarrabawar da ke gabansa. A harabar jami'a waɗannan abubuwa kyauta suke zuwa: muhawara bayan an fito daga lacca, ɗan aji mai ƙoƙari da ke tara abokai ya maimaita musu darasi, kwanan karatu a aji idan jarrabawa ta ƙarato, kujerun ɗakin karatu na Kashim Ibrahim a Samaru, haɗuwa a masallaci ko coci. A nan ne ɗan Katsina ke abota da ɗan Binuwai, a nan ake samun wanda zai lura idan mutum ya yi kwana biyu bai zo ba. Zauren WhatsApp na aji yana isar da sanarwa da takardun karatu, amma wanda ya yi shiru a cikinsa yana iya ɓacewa wata guda ba a yi cigiyarsa ba.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ɗauki lamarin kaɗaici da muhimmanci: ta kafa kwamiti a kansa a 2023, kuma rahotonta na 2025 ya ce mutum ɗaya cikin shida a duniya na fama da kaɗaici, matasa na cikin waɗanda abin ya fi shafa. Ga ɗalibi, yakan bayyana ne a matsayin kasala, jinkirta aikin da aka ba shi, da jin cewa shi kaɗai ne bai gane ba, alhali rabin ajin na cikin hali ɗaya. Wanda ke da sola da kwamfuta a gida yana ci gaba, marar su yana ja da baya, sai tazarar da jami'a ke ragewa ta ƙara faɗi.

Gyaran bai fi ƙarfin jami'o'i ba. NOUN tana da cibiyoyin karatu a jihohi, kuma duk jami'ar da ke koyarwa ta intanet tana iya haɗa kai da ɗakunan karatu na gwamnati, irin na Murtala Muhammad a Kano, a samar da sola, intanet da sashen mata. Malamai su naɗi lacca da murya kawai don ta yi sauƙin saukewa, su raba ɗalibai ƙananan rukunoni bisa unguwanninsu, su riƙa kiran wanda aka daina jin ɗuriyarsa. Iyaye kuma a ba su jadawalin darussa a rubuce, domin sa'o'i biyun da 'yarsu ke kan waya su zama lokacin da ba a aikenta.