Ko Ka San Tsibirin da Keke Ke Mulkin Titi?

Ko ka san akwai wani tsibiri a yammacin Ostiraliya wanda komai dukiyarka ba za ka shiga da motarka ba? Sunansa Rottnest, yana cikin Tekun Indiya, kimanin kilomita 19 daga tashar jiragen ruwa ta Fremantle, kusa da birnin Perth. Tsawonsa kilomita 11 ne, faɗinsa bai kai 5 ba, kuma tafkunan gishiri sun cinye kusan kashi 1 cikin 10 na ƙasarsa, ga fadamu a gefensu. Da jirgin ruwa ya sauke ka, sai ka hau keken da ka zo da shi ko ka yi haya, ka sa hular kwano domin doka ce a can, ka kama hanya. Motocin da za ka gani 'yan kaɗan ne, na ma'aikata da bas mai zagayawa da baƙi. Wasu suna ɗaukar wannan tsari a matsayin yangar masu yawon shaƙatawa. Ni kuwa a ganina hujjarsa tana jikin keken kansa, wannan laulawa da mutane da yawa suke yi wa kallon abin hawan wanda bai samu ba.

Keken da muka sani, mai ƙafa biyu daidai wa daida da sarƙa mai juya tayar baya, ya fito ne a 1885 daga hannun John Kemp Starley a birnin Coventry na Ingila, bayan shekara 3 kuma John Dunlop ya kawo tayar da ake bugawa iska. Tun daga lokacin ƙirarsa ba ta sauya sosai ba, domin babu ɓarna mai yawa da za a gyara. Mai tafiya a ƙasa, kowane taku sai ya ɗaga jikinsa ya sauke, ya tsayar da ƙafa ɗaya ya jefa ɗaya, duk wannan ƙarfi ne yake zubewa. Mai keke kuwa sirdi ya ɗauke masa nauyinsa, ƙafafunsa juyi kawai suke yi a kan feda, sarƙa mai tsabta da isasshen mai kuma tana isar da fiye da kashi 95 cikin 100 na ƙarfin zuwa taya. A 1973 wani malamin injiniya na Jami'ar Oxford, S. S. Wilson, ya nuna cewa idan aka auna ƙarfin da ake kashewa wajen kai nauyi ɗaya tazara ɗaya, mai keke yana kashe kimanin kashi 1 cikin 5 na abin da mai tafiya a ƙasa ke kashewa, har ya zarce doki da mota da jirgin sama wajen tattali. Shi ya sa mutum mai matsakaicin ƙarfi zai iya zagaya hanyar kilomita 22 ta tsibirin a yini ɗaya, har ya tsaya ya yi iyo.

Abin da ya fi shafar fadama shi ne nauyi. Gwajin tituna da aka yi a jihar Illinois ta Amurka daga 1958 zuwa 1960 ya gano cewa idan nauyin da ke kan ƙafafun abin hawa ya ninku sau 2, lahanin da yake yi wa kwalta yana ninkuwa kusan sau 16. Mota ta ninka keke da mahayinsa fiye da sau 10, saboda haka a wannan lissafi bambancin ya shiga dubbai. Titi mai ɗaukar motoci da yawa sai an faɗaɗa shi, an yi masa ciko mai kauri da magudanai, a bakin kowane tafki kuma a share fili domin ajiye motoci. Ciko yana datse hanyar ruwa, ruwan sama kuma yana wanko baƙin mai da garin taya daga kwalta ya zuba inda ya fi gangare, wato cikin tafkin. Kekuna 10 kuwa suna shiga wurin mota guda.

Sai maganar dabbobi, kuma a nan ne nake ganin babu wanda zai yi musu. A tsibirin akwai kwoka, 'yar dabba dangin kangaru mai girman kyanwa, mai goya ɗanta a jakar cikinta. Ita ce matuƙin jirgin ruwan Holan, Willem de Vlamingh, ya gani a 1696 ya zaci gafiya ce, ya kira wurin da sunan da ke nufin sheƙar ɓeraye, alhali mutanen Noongar, 'yan asalin yankin, suna kiransa Wadjemup tun kafin zuwansa. A babban yankin ƙasar dilolin da Turawa suka shigo da su da kyanwoyi sun yi wa kwoka mummunar ɓarna, amma a tsibirin akwai kimanin 10,000, kuma ba su san tsoron mutum ba, har tsakiyar titi suke zama. Mota mai kilo 1,500 a gudun kilomita 60 cikin awa tana ɗauke da ƙarfin karo da ya ninka na mai keke a gudun kilomita 15 fiye da sau 250. Mai keke yana gani da wuri, ya matse birki ya tsaya cikin 'yan taku. Tafkunan ma suna da nasu baƙi: wani ɗan tsuntsun bakin ruwa mai nauyin kimanin gram 30 yana ƙyanƙyasa a Saberiya, ya keto duniya ya zo nan ya yi kiwo kafin ya koma.

Mai ja zai ce, to tsofaffi fa, da masu naƙasa, da mai goyo? Tambaya ce mai nauyi, domin tsibirin yana da tuddai, iskar teku kuma takan taso da rana ta doki mahayi a ƙirji. Amsar ita ce bas ɗin nan da ke tsayawa a wurare da dama, da kekuna masu batir, da 'yan amalanken yara da ake ɗaurawa a bayan keke. Bas guda mai direban da ya san hanya da dabbobinta ya fi motoci 30 a hannun baƙin da idonsu ke kan teku. Wani kuma zai ce tsuntsaye sukan fi firgita da siffar mutum a fili a kan mota a rufe, kuma mai keke ma yana iya take kwoka ko ya faɗi ya karye. Wannan gaskiya ne, ban kuma raina ta ba. Sai dai maganinta mai sauƙi ne: mahayi ya tsaya a kan hanya, ya rage gudu, kada ya gangara bakin tafki. Datse ruwa da cikon fadama kuwa, in an yi su, gyaransu sai a hankali.

Kai kuma mai karatu, in Allah Ya kai ka Rottnest, ka cika gorarka da ruwa kafin ka bar gari domin wuraren shan ruwa sun yi ƙaranci a hanya, ka duba birki kafin ka hau, kada kuma ka taɓa kwoka ko ka ba ta abinci, domin akwai tara a kan hakan.