Kafin Ka Zargi Kwamfutarka, Duba Saitin da Ke Mulki

Matasa da yawa da ke koyon rubuta manhaja suna kokawa da abu ɗaya: mutum ya saita editansa yadda yake so, ya buɗe aikin wani, sai ya tarar komai ya canza. Editan lafiyarsa ƙalau. Saiti ne hawa-hawa, kuma wanda ya fi kusa da fayil shi ke da magana ta ƙarshe.

Mu ɗauki Visual Studio Code (VS Code), wanda kamfanin Microsoft ya fitar a shekarar 2015. A ƙasa akwai saitin da manhajar ta zo da shi. A kansa akwai naka, wanda ke bin ka duk aikin da ka buɗe. A sama kuma akwai saitin aikin kansa, da ke zaune a fayil ɗin settings.json cikin jakar .vscode. Idan biyu suka yi karo, na aikin ke rinjaye. A nan maganar maigida ta fi ta hakimi ƙarfi. Bugu da ƙari, editan yakan leƙa fayil ɗin da ka buɗe ya kwaikwayi tazarar da ya tarar a ciki, ko da ka zaɓi wata daban.

Kada ka raina wannan tazarar. A harshen Python 3, cakuɗa maɓallin Tab da na sarari a farkon layi yakan sa shirin ya ƙi tashi, ya jefo maka TabError. Ƙa'idar PEP 8 ta ba da shawarar sarari 4. Fayil ɗin YAML ba ya karɓar Tab a farkon layi, alhali Makefile shi yake nema. Ƙarshen layi ma ya bambanta: Windows na amfani da CRLF, Linux kuma LF. In editanka ya sauya shi a ɓoye, Git zai nuna wa abokan aikinka kamar ka taɓa kowane layi, alhali harafi ɗaya ka gyara. Mu masu rubutu da ɓ, ɗ da ƙ kuwa, matuƙar ba a adana fayil da tsarin UTF-8 ba, haruffanmu na iya rikiɗewa su koma alamomin tambaya.

Maganin mai sauƙi ne. Ku ajiye fayil mai suna .editorconfig a tushen aikinku, ku rubuta tazara, ƙarshen layi da tsarin haruffa a ciki. Editocin JetBrains suna karanta shi kai tsaye, amma VS Code sai an ƙara masa ƙaramar manhajar EditorConfig.

Gargaɗi mafi girma shi ne na tsaro. Fayil ɗin tasks.json da ke jakar .vscode na iya ƙunsar umarnin da zai fara aiki da zarar an buɗe aikin. Shi ya sa tun 2021 VS Code ke tambayar ko ka amince da masu aikin kafin ya sake masa mara. Mutane da dama suna latsa amincewa ba tare da sun karanta ba.

Don haka, duk aikin da ka sauko da shi daga intanet, ka fara buɗe shi a taƙaitaccen yanayi, wato ba tare da ka latsa amincewa ba, ka karanta abin da ke cikin settings.json da tasks.json, sannan ka amince. Kowa ya kwana lafiya, shi ya so.