Mu Bar Ciyawa Ta Zubar Da Iri

Ƴan'uwa makiyaya da masu garka na ƙasar Abzin, yau zancenmu a kan ciyawar daji ne.

Ruwan sama kaɗan ne a ƙasarmu. Amma da zarar ya sauka, sai kwari ya yi kore shar. Ciyawar da Buzaye ke kira afazo ta tofo. Alwat, abincin raƙuma, ya buɗe furensa. Ba wanda ya shuka su. Irinsu ne ya kwanta cikin rairayi, yana jiran ruwa, wani lokaci har shekaru.

Wa ke cin moriyarta?

Raƙumi da akuya su ci, mu sami nono da cuku, yara su yi ƙarfi. Barewa da ragon dutse su ma da ita suke rayuwa. Tsuntsaye su tsinci iri, ƙudan zuma su bi fure. Saiwar afazo kuwa ita ke riƙe rairayi, kada iska ta kwashe shi.

Saboda wannan arziki gwamnati ta keɓe gandun Abzin da Tenere a 1988. Faɗinsa ya zarce hekta miliyan 7. A 1991 hukumar UNESCO ta sa shi cikin kayan gadon duniya. Duk da haka jimina ta ɓace daga dajin. Yau sai a gidan kiwo ake ganinta.

Tun da aka gano zinariya a Cibarakatan a 2014, jama'a da motoci sun ƙaru a arewacin Arlit. Bukatar itace ta ƙaru. Tayar mota na murƙushe tsiro. Mai neman haraba kuma, in ya tumɓuke ciyawa tun tana ɗanya, ya tafi da abincin bana da irin baɗi gaba ɗaya.

Abin da ya kamata mu yi

1. Mu jira fure ya bushe, iri ya zuba, sannan mu yanka.
2. Mu yanka da lauje, mu bar saiwa a ƙasa.
3. Mu shawarta da shugabannin ƙabilu, kowace shekara a hutar da kwari ɗaya.
4. Direbobi su bi tsohuwar hanya, kada su keta makiyaya.
5. Wanda ya ga mai harbin barewa ya sanar da ma'aikatan gandun daji.

Ƴan'uwa, da ruwan ciki akan ja na rijiya. Irin da muka bari bana shi ne kiwon baɗi. Wanda ya karanta, ya karanta wa maƙwabcinsa.