Teburan da Suka Yi Layar Zana

Aikin asusun sa-ido a rumbun bayanai bai da yawa: ya ƙirga teburan da ke ciki, ya auna girmansu, ya kai rahoto, ba tare da ya leƙa abin da aka zuba musu ba. Amma a Redshift, rumbun da Amazon ya buɗe wa jama'a a 2013, asusun kan dawo da lissafin da bai kai na babban mai kula ba. Babu saƙon kuskure, teburan ne kawai ba a gani.

An goge su ne? Mai kula ya duba, ga su nan daram. Ashe matsalar tana ga mai kallo.

Asusun yana tambayar information_schema.tables ne. Redshift ya samo asali daga PostgreSQL 8.0.2, ya kuma gaji ɗabi'arsa: wannan jeri ba ya nuna maka tebur sai wanda ka mallaka ko kake da wani izini a kansa. Sauran sai ya yi gum. Aka koma PG_TABLE_DEF, lissafi ya sake gazawa, domin shi kuma bai san kowane sashe ba sai wanda aka ambata a search_path.

Saura SVV_TABLE_INFO. Wannan ya fito fili ya ce babu izini, na manyan masu kula ne. A nan gaggawa kan ɓata aiki. Wasu sukan ɗaga asusun ya zama babban mai kula, wanda a ganina ganganci ne: don ƙirga ɗakuna ba a miƙa makullan gida duka. Wasu su kunna SYSLOG ACCESS UNRESTRICTED, alhali ba ya buɗe wannan ƙofa, sai dai ya tona tambayoyin da wasu suka rubuta, har da sirrin da ke cikinsu. Layi ɗaya ya wadatar: GRANT SELECT a kan SVV_TABLE_INFO kaɗai.

Duk da haka wasu 'yan teburan ba su bayyana ba, ko ga mai kula da kansa. Da aka gwama da pg_class, wanda ke lissafa kowa da kowa, sai aka ga abin da ya haɗa su: dukkansu wayam suke. SVV_TABLE_INFO ba ya ambaton teburin da babu komai a cikinsa. Ke nan teburin da lodin dare ya kasa cikawa, wanda domin irinsa aka kafa sa-idon tun farko, shi ne ba zai fito a rahoton safe ba, sai an haɗa jerin biyu a tambaya guda.