Daga Yamai Zuwa Birni: Kujerar Gaba Ko Tsaraba?

Hausawa sun ce zumunci a ƙafa yake, sai dai ƙafar zamani takan hau mota, wani sa'in ma ta hau jirgin sama. Ɗan Damagaram da aiki ko kasuwanci ya zaunar a Yamai, in ya ɗaura niyyar zuwa gaida abokansa na Birni, tsohuwar unguwar garinsu, kusan kilomita 900 ke jiransa a kan babbar hanyar ƙasa mai lamba 1. Sai ya ratsa Doso, Dogon Dutsi, Kwanni, Galmi, Madawa, Maraɗi da Tasawa kafin ya hango duwatsun Damagaram. Motocin Rimbo, STM, Al Izza da 'yan'uwansu kan tashi tun kafin asuba, su iso bayan rana ta faɗi. Jirgi kuwa, in bai ya da zango a hanya ba, kamar awa biyu ta ishe shi.

Wannan nisa yana da tarihi. Har zuwa 1926 Damagaram ce hedikwatar mulkin Faransa a Nijar, kafin a mayar da ita Yamai, can bakin kogi. Tun zamanin Sarki Tanimun kuwa, idon garin a arewa da kudu yake: ayarin Tarabulus ya biyo ta Agadas ya sauka a unguwar Zango, daga nan ya miƙa Kano, wadda ba ta kai kilomita 300 daga Birni ba. Da ofisoshin gwamnati da manyan makarantu suka taru a yamma, 'ya'yan gari suka bi su. Shi ya sa yau ziyarar aboki ta zama abin da sai an zauna an yi wa lissafi.

A cikin lissafin ne wanda Allah ya hore wa yakan tambayi kansa: tunda jirgi zan hau, me zai hana in sayi ajin 'yan kasuwa, in zauna gaba tare da manya?

Me ake saye a ajin 'yan kasuwa?

Wannan aji bai daɗe ba. A ƙarshen shekarun 1970 kamfanoni suka ƙirƙiro shi, don ma'aikatan da ofisoshinsu ke biya wa cikakken kuɗi amma ba su kai ga aji na ɗaya ba. Qantas na Ostareliya ya buɗe nasa a 1979, British Airways kuma ya kawo kujerar da ke miƙewa ta zama gado a shekarar 2000. Tun asali, don doguwar tafiya aka yi shi. Mai barin Yamai ko Abuja da dare zuwa Turai, ya wayi gari a teburin taro, barci yake saye, kuma barcin ya cancanci kuɗinsa.

Tsadarsa ba ta rasa dalili. Kujerar gaba tana cin wurin da za a jera wasu kujerun, don haka kamfani yakan ɗora wa mai ita kuɗin fasinjojin da bai ɗauka ba. Ban da faɗin kujera, ana ba shi layi na daban, ɗakin jira inda akwai shi, abinci, ƙarin nauyin kaya, da sauƙin canza ranar tafiya. A gajeriyar tafiya, yawancin waɗannan sukan ƙanƙance. A Turai ma, ajin 'yan kasuwa na gajeren zango sau da yawa kujerar kowa ce, an dai bar ta tsakiya babu mutum. Tsakanin Kano da Abuja, inda kamfanoni irin su Air Peace da Max Air ke da wannan aji, kafin mutum ya gama shan shayi jirgi ya fara sauka.

Jiragen da ke zuwa mana

A cikin Nijar lamarin ya fi haka sauƙi. Niger Airlines, da ya fara aiki a 2014, da Fokker 50 ya soma haɗa Yamai da Damagaram, Agadas, Maraɗi da Difa. Jirgi ne mai farfela, mai ɗaukar mutum kamar 50, kujera biyu dama biyu hagu. Irin waɗannan jirage galibi aji ɗaya gare su: ɗan majalisa da ɗalibin Jami'ar André Salifou ta Damagaram kafaɗa da kafaɗa suke zama. Ko zaɓi aka ba ka, gaba ba kullum ta fi ba, domin kujerun da ke daidai farfela su suka fi shan ƙara. Jiragen Majalisar Ɗinkin Duniya da ake gani suna sauka a filin Damagaram kuma na ma'aikatan agaji ne, ba a sayar wa kowa da tikitinsu.

Ke nan a wannan hanya, babban bambanci tsakanin mota da jirgi yake. Wanda ya bar tasha ya nufi filin jirgin sama na Diori Hamani a Yamai ya riga ya sayi abu mafi daraja, wato wuni guda a zuwa, wuni guda a dawowa. Ga ma'aikaci mai hutun kwana huɗu, ga tsoho mai ciwon baya, ga mai juna biyu da likita ya yarje mata tafiya, wannan ba almubazzaranci ba ne.

Abin da ya kamata matafiyi ya sani

Na farko, kaya. Ƙaramin jirgi ba ya wasa da nauyi, kuma kowane kilo da ya haura ƙa'ida sai an biya shi. Lokacin bazara abin ya fi tsanani, saboda iska mai zafi ba ta da kauri, fikafikai ba sa samun abin dogaro sosai, dole a rage lodi. Mai mota yakan tsaya Galmi ya sayi buhun albasa, ya dawo da kwalin alkakin Damagaram da takalman dukawan gari. Mai jirgi sai ya zaɓi mara nauyi, kamar turare, yadi ko kilishi.

Na biyu, yanayi. Daga Disamba zuwa Fabrairu hazo kan rufe sama, matuƙi ya kasa ganin titin sauka, a ɗage tashi ko a soke shi. Kujerar gaba da ta baya tare suke jira. In ɗaurin aure ne ko suna, ko hawan Sallah a ƙofar fada, kada a tsara isowa ranar abin. A bar kwana ɗaya ko biyu na ko-ta-kwana.

Na uku, jiragen cikin gida ba kullum suke tashi ba, jadawalinsu kuma yana canzawa. A tabbatar da rana daga ofishin kamfani kafin a sanar da masu tarba, a tanadi katin shaida, a kuma karanta sharaɗin mayar da kuɗi.

Ina ya fi dacewa kuɗin su tafi?

Ziyara a Birni tana da nata tsarin. Ba gida ɗaya ake shiga ba. Za a gaida mahaifan aboki, a leƙa malamin da ya koyar da ku allo, a yi ta'aziyyar waɗanda suka rasu ba ka nan, a yi barkar waɗanda aka haifa. Kowace ƙofa tana da haƙƙinta, ko da goro ne ko sabulu. A zaure za a tambaye ka gajiya da iyali da mutanen Yamai, babu mai tambayar lambar kujerarka. Amma za a lura in ka shigo hannu rabbana, za a kuma lura in ka yi ziyarar tsaye, kana ta duba agogo.

Ba laifi ba ne mai hali ya ji daɗin halalinsa. Inda ajin 'yan kasuwa yake, kuma lafiya ko shekaru ko tsawon tafiya suka buƙace shi, a saya. Abin gudu shi ne cin bashi ko taɓa jari don hoton da za a sa a WhatsApp. A tafiyar awa ɗaya ko biyu, rarar da ke tsakanin kujerun biyu za ta iya cika jakar tsaraba, ta biya kuɗin maganin wata tsohuwa, ko ta zama tushen kuɗin wata ziyarar kafin shekara ta zagayo. Mai son abokansa ya lissafa sau nawa zai iya zuwa da kwana nawa zai yi, sannan ya zaɓi kujerar da lissafin ya ba shi.